Abin da Na Ɗauka a Kayan Talatu

Ranar da aka buɗe akwatin ƙanwata Talatu, kwana uku da binne ta, mu shida ne a ɗakin. Akwai ni, Asabe, yayarta uwa ɗaya uba ɗaya. Akwai mijinta, Baba Iliya, wanda ya yi aikin masaƙa har aka rufe ta, yanzu yana gadi. Akwai 'yarsu Rifkatu, ita kaɗai ta rayu a cikin waɗanda suka haifa, mijinta ya mutu ya bar ta da yara biyu. Akwai Jummai, ƙanwar Iliya, da ta zo daga Kakau. Akwai Hajiya Balki ta Tudun Wada, mai sayar da abinci, wadda ta fi shekara ashirin tana sayen ganda a hannun Talatu. Sai Malama Saratu, sakatariyar zumuntar matanmu ta coci. Ita ce ke riƙe da biro yanzu, domin ni ban taɓa shiga aji ba. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki.

An yi ta kewaye-kewaye a ɗakin, amma maganar ɗaya ce: wa zai gaji wurin Talatu a kwata, inda ake yanka shanu. Sun riga sun shirya amsa tun kafin in shigo. Rifkatu. Ni kuma na zo ne don kada hakan ya faru. Zan faɗi dalilina tun daga farko, wadda ke da kunne ta ji.

Aikin Talatu babbaka ne. In mahauta sun gama yanka, a kawo mata kai da ƙafa da fata, ta shimfiɗa a kan wata babbar ragar ƙarfe, ta cinna wuta a ƙarƙashi. Gashi ya ƙone, ta kankare, ta wanke, masu abinci su zo su ɗauka. Lokacin da muke sababbin zuwa Nasarawa da itace ake yi. Da itace ya yi tsada wani ya gwada tsohuwar taya, aka ga guda ɗaya tana yin abin da dami uku bai yi ba. Daga ranar ba a sake waiwayar itace ba. Hayaƙin baƙi ne ƙirin, mai maiƙo, yana manne wa mutum. In Talatu ta fyace majina, baƙa. In ta tofar da yawu, baƙi. Zanen aikinta ko an wanke shi sau uku ruwan kamar na kwatami yake fita. Ranar Lahadi ta yi wanka ta shafa turare ta zauna kusa da ni a coci, ni dai warin ƙonanniyar roba nake ji a ƙarƙashin turaren.

Matan wurin ba wawaye ba ne, sun san hayaƙin mugu ne. Sai suka nemo wa kansu magani, maganin kuma ya fi ba ni haushi fiye da cutar. Sun yarda cewa madara tana wanke ƙirji. In an tashi aiki, kowacce ta sayi baƙin lemon kwalban nan mai kauri, ta huda gwangwanin madara, ta juye su tare a kofi, ta shanye da burodi. Ranar da yanka ya yi yawa, sau biyu. Wadda ba ta sha ba sai a yi mata faɗa, wai tana wasa da lafiyarta. Na sha gaya wa Talatu cewa abin da ya bi ta hanci ba ya haɗuwa da abin da ya bi ta maƙogwaro, ko kaza aka fiɗe ana ganin hanyoyin daban suke. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, ke wake kike aunawa a inuwa. Ki bar mu da maganinmu."

Ta yi ƙiba har ba ta iya ɗaura igiyar takalminta. Mutane suna cewa kasuwa ta karɓe ta. Shekara shida da suka wuce aka gwada jininta aka ce ciwon suga ne, da hawan jini. Aka ba ta ƙwayoyi, aka ce ta rage jiki. Da idona na ga tana kora ƙwayar suga da wannan kofin nata.

Bara bayan Ista ta fara ramewa. A nan nake so kowa ya buɗe kunne, domin a nan aka kashe lokacin da ba a sake samun irinsa ba. Duk wanda ya gan ta sai ya yi mata barka. Matan zumunta suka ce ta koma budurwa. Iliya ya ce addu'arsa ce. A asibitin da take karɓar magani, nas ta ɗora ta a kan sikeli, ta tafa mata, ta nuna ta ga sauran masu layi ta ce su yi koyi da wannan Mama. Ba wanda ya tambaye ta me ta daina ci. Ba ta daina komai ba. Ni na lura ramar ba irin ta mai kame baki ba ce. Gefen goshinta ne ya faɗa, wuyanta ya yi tsawo, fatar hannunta ta saki tana lilo. Tuwo kuma ta ci loma uku ta ture. Na ce mata wannan rama ba ta yi mini ba. Ta ce ai ni tun muna yara ba abin da ke yi mini. Wata huɗu ana tafa mata.

Makon farko na kwanciyarta, da ciwo ya fara a saman ciki yana ɓulla ta baya. Ba ta iya kwanciya rigingine, sai ta zauna ta dunƙule kamar mai tsince shinkafa. Mai kemis ɗin layinsu bai ko taɓa ta ba ya ce olsa ce, ya ba ta farin ruwa a kwalba.

Mako na biyu idanunta suka yi rawaya. Fitsari ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ga ƙaiƙayi, har na same ta tana susar ƙafa da bayan wuƙar kankara, jini yana tsattsafowa. Jummai ta zo daga Kakau ta duba ido ɗaya ta ce shawara ce, kuma shawara ba ta son allura, duk wanda aka kai asibiti da ita gawarsa ake ɗaukowa. Ta kawo jiƙon saiwoyi a jarka. In aka buɗe murfin sai kaji su bar tsakar gida. Talatu ta sha kofi da safe kofi da yamma, tana sha tana amai, Jummai tana cewa cutar ce ke fita. Iliya shi kuma ya kafe a kan cewa wata mata a kwata ce ta ɗebi sawunta ta yi mata asiri don ta ƙwace wurin. Na ce masa matar da ta yi shekara ashirin tana haɗiyar taya ba ta bukatar maƙiyi.

Mako na uku ban nemi izinin kowa ba. Na tsayar da keke napep a ƙofar gida, na ce wa Rifkatu ta kama uwarta ta wancan gefen. Mun isa babban asibiti gari bai gama wayewa ba, muka tarar da layi ya riga ya fita baranda. Layin kati daban, layin biya daban, layin ganin likita daban, kowane kuma sai an ce maka ba nan ba ne. Talatu ta so yin fitsari, na kai ta bayin, na leƙa, na dawo da ita. Ba ruwa, ƙasa jiƙe, ƙudaje kamar a kwata. Bayan gini na kai ta na kare ta da zanena.

A wurin kati ne mai rubutu ya ɗago kai ya dube mu, ya ce mini in faɗi shekarun mamata. Na ce wace mama? Ya nuna Talatu. Na girme ta da shekara takwas. Ni na goya ta zuwa rafi a garinmu. Na dube ta da idon baƙo a ranar, na ga abin da ya gani: gashi fari fat, haƙora sun zube saura kaɗan, ido ya yi hazo, baya ya ranƙwafa. Talatu ta ji, ta ja ɗankwalinta ta rufe goshi.

Aka ɗebi jini, aka ce a yi hoton ciki. Na'urar asibitin ta lalace, sai a wani wuri a cikin gari, can ma aka ce mu dawo jibi. A wannan zirga-zirga mako na huɗu ya ƙare. Ba zan tsaya lissafin kuɗi ba. Awakin Iliya sun tafi, firizar Talatu ta bi su, zumunta ta yi karo-karo sau biyu ba tare da mun roƙa ba, Ubangiji ya saka musu.

Mako na biyar muka ga likitan da ya gaya mana gaskiya. Ba babba ba ne, ga alamar gajiya a fuskarsa, amma ya ja kujera ya zauna, ya yi mana Hausa. Shi kaɗai ya tambayi aikin da take yi, ya kama hannunta ya juya ya duba. Ya ce ciwon daji ne, a wani abu da ke kwance bayan tumbi, wanda shi ke kula da suga a jikin mutum. Ya toshe hanyar maɗaciya, shi ya sa ido ya yi rawaya, kuma ya riga ya taɓa hanta. Iliya ya tambaya ko hayaƙin ne ya jawo. Amsar da ya ba shi na riƙe ta, ga ta yadda ya faɗa:

"Baba, ba zan iya nuna abu ɗaya in rantse cewa shi ne ba. Akwai waɗanda ba su taɓa zuwa kusa da taya ba kuma ya kama su. Amma jikin da suga da ƙiba suka gajiyar, aka kuma ɗora masa wannan hayaƙi kullum, ba ya samun ranar gyara kansa. Da wuri yake tsufa, da wuri yake karyewa."

Na gaya masa maganar madara. Bai yi dariya ba. Ya ce madara ba ta zuwa inda hayaƙi ke zuwa, sukarin dai ya tafi inda zai yi ɓarna. Sai ya tambayi yaushe ramar ta fara. Da na ce tun bayan Ista, ya ajiye bironsa. Ya ce duk mai ciwon suga da ya ga yana ramewa alhali bai canza cinsa ba, kada ya tsaya karɓar barka, ya zo a duba shi. Ya ce ko da mun zo a lokacin ba alkawari zai yi mana ba, wannan ciwo mugu ne, amma da akwai abin gwadawa. Yanzu sai dai a rage mata zafi.

Mako uku muka yi a kwance a ɗakin mata. Ni ce mai jinya. Tabarma a ƙarƙashin gado, bokiti, fo, tsummoki. Ruwa sai na sauka ƙasa na saya wurin 'yan garuwa na hau da shi. Akwai nas ɗin da in ka kira ta sai ta gama kallon wayarta, akwai kuma wata 'yar Filato, doguwa, da ke zuwa ta juya Talatu da hannunta ta shafa mata mai a baya ba tare da an ce ta yi ba. Ban san sunanta ba, ina sa ta a addu'a. Hajiya Balki kullum da rana sai ta aiko da kunu da abincin mai jinya daga Tudun Wada, ranar Juma'a ta zo da kanta ta zauna a bakin gado tana yi wa Talatu fifita. Wannan alheri ba zan ɓoye shi ba. Amma ita ɗin ce kuma ta ce kada a bar wurin Talatu ya yi sanyi, masu saye za su watse, Rifkatu ta riƙa zuwa kafin uwar ta tashi.

Haka Rifkatu ta fara. Da yamma ta shigo ɗakin jinya, tun daga ƙofa warin ya riga ta isowa. Matar gadon kusa tana toshe hanci. Wata rana ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta buɗe leda, ta fito da baƙin lemo da gwangwanin madara, ta fara neman abin huda. Yarinyar da ba ta kai talatin ba, ga jiki irin na uwarta ya riga ya fara hawa. Na fizge gwangwanin na jefa a bokitin shara. Ta ce matan wurin sun ce dole ne. Na ce ga dolen nan kwance a kan gado, ta tashi ta duba.

A mako na takwas ne, ina goge wa Talatu jiki da safe, na buɗe tafin hannunta na ga ya yi fes. Baƙin da ke cikin layukan hannun da ƙarƙashin farce, wanda sabulu da soso suka kasa shekara da shekaru, kwanciya ta fitar da shi. Rabona da ganin kalar hannun ƙanwata tun muna 'yan mata. Ita ma ta ɗaga shi tana kallo kamar na wani. Da yamma da Rifkatu ta zo ta kama hannun uwar tana gaishe ta, hannayen biyu suka haɗu a kan farin zanen gado. Talatu ta daɗe tana kallo. Sai ta juyo gare ni, muryarta ta riga ta shige, ta ce, "Yaya, dubi hannun yarinyar nan."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Iliya yana wurin, ya ce yabo ne, tana nufin yarinya ta kama aiki. Ni na san ƙanwata.

Aka sallame mu da maganin zafi. Ta yi sati biyu da kwana huɗu a gida, ba ta cin komai sai ruwa a cokali. Ranar Talata da hantsi, ina goge mata baki, ta tafi.

A wurin zaman makoki na ga abin da ya tayar mini da zuciya. Matan kwata sun zo da yawa, sun yi kuka na gaskiya, sun kuma kawo gudummawa: babbar tukunyar farfesun ganda da ƙafar sa, daga wuta ɗaya da ta ci ƙawarsu. Ga akwatunan lemo an jibge har saman taga. Mutane suna tsotsar ƙashi suna cewa Allah ya ba da, Allah ya karɓa, kwananta ne ya ƙare. Na ɗaga wani yanki a cokali na shinshina, ƙamshin yaji a sama, roba a ƙasa. Na ajiye kwanon na fita bayan gida na yi amai.

To, mu koma ɗakin. A garinmu in mace ta mutu, babbar 'yar'uwarta ce ke buɗe akwatinta, ita ke fara ɗaukar abin da take so a cikin duk kayan mamaciyar, ba mai musa mata, sannan a raba saura. Kowa ya san abin da zan ɗauka. Akwai wata atamfa mai tsada, ruwan ganye, da Talatu ta saya ba ta taɓa ɗinkawa ba, kuma ta sha tsokanata cewa idona na kanta. Jummai har ta ciro ta ta ɗora a sama don a gama da wuri.

Na mayar da atamfar cikin akwati. Na ce na ɗauki raga, da wuƙaƙen kankara, da wurin da ragar ke zaune.

Jummai ce ta fara magana, ta ce tsohuwa da ƙafa ɗaya a rami me za ta yi da wutar babbaka, in ba baƙin ciki da marainiya ba. Iliya ya ce al'ada maganar zane da tukwane take yi. Na ce masa tun da aka haife ni ban ji an ce ban da ƙarfe ba, in yana da wanda ya girme ni a danginmu ya kira shi. Babu. Hajiya Balki ta yi magana a hankali, ta ce Mama Asabe, ko Rifkatu ba ta tsaya a wurin ba, kafin sati wata za ta tsaya, taya kuma ba za ta daina ci ba. Na ce na sani, Hajiya. Waccan ba ni na goya uwarta ba.

Rifkatu ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Mama Babba, da me zan ciyar da yaran?"

Tambayar gaskiya ce. Na ce teburina na wake da gero a kasuwa yana da faɗi, rabi nata ne daga gobe. Ta ce abin da nake samu a sati, wuta tana ba da shi a kwana biyu. Na ce haka ne. Na ce za su sha wuya, za su ci tuwo ba nama, yaran kuma za su girma suna da uwa. Ta tashi ta fita, ta bugo ƙofar. Har aka gama rabon ba ta dawo ba, atamfar ma Jummai ce ta tafi da ita.

Abin da ya sa na zaunar da Malama Saratu ke nan. Hajiya ta faɗi gaskiya, wata tana tsaye a wurin yanzu. Ban san ta ba. In wannan takarda ta kai hannun wanda ya san ta, a karanta mata. A gaya mata madara ba ta wanke komai. A gaya wa duk mai ciwon suga cewa rama ba kullum ce abin barka ba.

Washegarin rabon da safe na je kwata kafin a fara yanka. Na sa aka ɗora mini ragar a baro, nauyinta ya fi ƙarfin kaina, wuƙaƙen na ƙulle su a buhu. Matan suna kallo, ba wadda ta gaishe ni. Na bi mai baron har wurin 'yan gwangwan da ke bakin titi. Mai wurin ya ce ragar tana da sauran amfani, zai ajiye ta ko mai babbaka zai zo nema. Na ce a yanka ta a gabana ko in tafi da abata. Na tsaya har ya raba ta gida huɗu.

Daga nan na wuce gidan Iliya. Rifkatu tana tsakar gida da zanen aikin uwarta a ɗaure. Na ce ta kwance shi ta sa na kirki, kada ta ci komai, za a gwada jininta. Ba ta gaishe ni ba. Ta shiga ɗaki ta daɗe. Da ta fito ta wuce gabana kamar ba ta gan ni ba, ta tsayar da keke da kanta, ta zauna can gefe ta juya fuska waje. Na shiga na zauna. A asibiti na karɓa mata kati, na sa ta a layi, na tsaya a bayanta don kada ta fita.